Rigar Dodon Mai Kushin

Shagona na aski da shagon Mai Kushin bango ɗaya ne ya raba su, bangon kuwa ba shi da wani kauri. Shi ya sa tun kafin in san mutumin na san kukan dodonsa. Ina tsaka da gyara wa mutum gemu sai a kwarara wani ihu daga can ciki, kamar ana jan ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Wanda ke kan kujera ya zabura, ni kuma in janye reza in ce, "Zauna, malam, maƙwabcina ne ke cin abincin rana."

Haka yake kullum. Rana na rabawa sai ya ajiye guduma da ƙusoshi, ya jawo kujerar wani da aka gyara ba a zo ɗauka ba, ya kunna tsohuwar talabijin ɗinsa da na'urar bidiyo, ya ɗora kwano a cinya. Abin kallon kuwa iri ɗaya ne: tsofaffin finafinan Japan, waɗanda ƙaton dodo ke fitowa daga teku ya tattake gari. Ko kalma ɗaya ba ya ji a yarensu, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma ya ce ciwon ido yake sa shi. Amma tambaye shi abin da ke faruwa, zai ba ka labari har da abin da ke cikin ran dodon.

Ni dai ban ga abin so a ciki ba, kuma ba na iya ɓoye abu a cikina. Wata rana na leƙa na ce, "Haba Mai Kushin, da furfurarka da komai? Ai ko makaho ya san mutum ne a cikin rigar roba."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo biki bayan an watse. Ya ce, "To ai shi ne abin kallon, Mai Aski. Kai dodo kake gani, ni mutumin nake gani."

Ya tsayar da fim ɗin, ya kai yatsa kan gilashi daidai gwiwar dodon. "Dubi yadda ta lanƙwashe a nan. Wani ne ya zauna ya yanka soso, ya shafa gam, ya ɗinke. Sana'ata ce wannan, can ƙasarsu. Sannan akwai wani bawan Allah a ciki, ba ya gani sosai, iska ba ta isarsa, zufa ta taru masa a tafin ƙafa. A ce masa taka, ya taka. A gama fim, a tafa, ba wanda ya san fuskarsa."

Ban taɓa ganin ya goyi bayan sojojin da ke harbin dodon ba. In suka jero motocin yaƙi sai ya yi tsaki. A wurinsa dodon ba mugu ba ne, girma kawai ya yi wa garin yawa, duk inda ya juya sai jelarsa ta rushe wani abu, kuma shi kaɗai ne irinsa a duniya. In fim ya zo ƙarshe, dodon ya juya baya yana shiga teku a hankali har ruwa ya rufe kansa, sai Mai Kushin ya ture kwano gefe, ko da saura a ciki.

A hankali na san tarihinsa, don kujerar aski tana sa mutum magana. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya tana rarrafe. Bai sake aure ba, duk da 'yan'uwa sun yi surutu har sun gaji. A shagon nan ya raine ta, cikin guntayen soso da ƙurar katako. Uwata yake kiranta. A kan kushin ɗin mutane ta koyi zama, a kansu ta yi aikin makaranta, da rana kuma su zauna kujera ɗaya su kalli dodo. Takan tara kwalayen ashana da na magani ta jera gari a ƙasa, da tituna da gada, shi kuma ya kifa matashin kujera a ka ya zo yana takawa, tana ihu tana dariya tana ce wa mutanen garin su gudu. Rannan ta ce, "Baba, kai da kake ɗinka wa kujera riga, me ya hana ka ɗinka wa kanka ta dodo?" Ya ce zai ɗinka. Ta ce, "Ni zan sa maka." Ya ce ya ji.

Yarinya ta girma, ta yi karatu, ta sami aiki a wani gari, ta yi aure a can. Ba ta yi masa laifin komai ba, kar wani ya ɗauki alhakinta. Tana kira, tana aiko da saƙo. Sai dai kiran ya riƙa gajarta, irin na mai aiki da goyo: "Baba, lafiya? Ka ci abinci? To, sai anjima." Shi kuma ba mutum ne mai abokai ba. In ya rufe shago sai ɗakinsa na baya, inda gado ɗaya ya rage, an jingine ɗayan a bango. Kaɗaici ya yi masa yawa, kuma ba ya faɗa. A lokacin ne ya fara ɗinka rigar.

Shekaru ya yi a kanta, da ragowar kayan aiki. Jikin da soson kujera, fatar da koriyar ledar kujerar mota, ya bi ta da wuƙa mai zafi ya yi mata ɓawo-ɓawo. Haƙora daga tafin farin silifa ya yanko su, idanu kuwa murfin siginar babur ne. Kan dodon yana can sama da kan mutum, mai sanye da rigar ta wata 'yar raga a wuya yake leƙe. Jelar kaɗai ta cinye tsumman unguwa. Ni da nake masa dariya, sai ga ni ina ajiye masa tsofaffin tawul.

A kan zif muka yi faɗa. Ya sa shi a baya, tun daga ƙugu har wuya, ya ɓoye shi ƙarƙashin ƙayoyin gadon baya, hannuwan dodon kuma gajeru ne masu kauri, ko kunnensa ba zai iya sosawa ba.

Na ce, "Mutumin da ke zaune shi kaɗai ya sa zif a baya? Mai da shi gaba mana."

Ya ce, "Dodo da zif a ƙirji? Sai ka ce rigar sanyi. Na kirki duk a baya yake. Wani ne ke rufe ka, wani ne ke buɗe ka. Haka aikin yake."

"To juya in ja maka mu gani."

Ya girgiza kai. "Akwai mai shi."

Haka rigar ta ƙare ta zauna a rataye a ƙugiya, an lulluɓe ta da zanin gado. Wani lokaci yakan ari madubina, ya zura ƙafafu da hannuwa, ya tsaya bayansa a buɗe, ya ɗan jima, ya cire. Bai gaya wa Uwata ba, so yake ta gani da idonta. Ta ce za ta zo da hutu, hutu ya zo aka hana ta. Ta ce bayan ta haihu, ta haihu jego ya riƙe ta. Shi ya je ya ga jika, amma rigar ba ta shiga motar haya, kuma ya ce dodo ba a nuna shi a falon suruki.

Sai ga labari cewa mijin ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ƙetaren teku, kuma ba a san ranar dawowa ba. Za su biyo ta nan a hanyarsu ta filin jirgi. Ta yi masa alkawarin wuni guda.

Zo ka ga Mai Kushin. Ya share shago har ƙarƙashin keken ɗinki, ya mai da kujerun mutane gefe. Ya bi shaguna yana roƙon kwalaye, ni na ba shi na reza da na hoda, ya jera gari a tsakar shagon, har da dogayen benaye da wayar lantarki ta zare. Ya zaɓi fim ɗin da ta fi so ya saka a na'ura. Da safe ya zo ya zauna a kujerata.

Na ce, "Aski kuma? Kan da zai shige cikin dodo?"

Ya ce, "Yi aikinka, sarkin surutu."

Hantsi ya wuce ba su zo ba. Rana ta raba, karon farko tun da na san shi ban ji kukan dodo ta bango ba, don ya ce ba zai kunna ba sai ta zauna. Abincin da ya sayo ya huce. Ya fita bakin titi ya dawo, ya sake fita. Sai da inuwar shagona ta kai tsakiyar titi sannan wata motar haya ta tsaya, akwatuna har kan rufi.

Uwata ta fito da jaririya a kafaɗa tana barci. "Baba, ka yafe mu, cunkoso ne ya riƙe mu, ga takardu ba su fito da wuri ba. Ba za mu iya zama ba." Mijin ya fito ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, amma idonsa na kan agogo. Direba ko kashe mota bai yi ba.

Mai Kushin ya shafa kan jikarsa, ya ce, "Ba komai. Ba mijinki ita, ki shigo ki ga wani abu."

Na bar shagona na tsaya a bakin ƙofarsa, don ko da duka ba za a hana ni ganin wannan ba. Ya yaye zanin gadon. Uwata ta dubi rigar, ta dubi garin kwali, ta kai hannu baki.

"Baba! Ka yi? Da gaske ka yi?"

"Ke kika ce ke za ki sa min. Zo."

Ya zura ƙafafu, ya zura hannuwa, ya sunkuya ya shige. Ta lalubo zif ɗin tana dariya hawaye na zuba, ta ja shi tun daga ƙugu har wuya, ta kwantar da ƙayoyin a kai. Mai Kushin ya ɓace, ga wani ƙaton abu kansa na goga silin. Ya ɗaga ƙafa a hankali, yadda ya yi shekaru yana gani, ya sauke ta kan bene mafi tsawo. Jela ta share gada. Uwata, matar aure mai goyo, ta hau tsalle tana tafi tana cewa, "Ku gudu! Ku gudu, ga shi nan!"

Sai direba ya danna ham, ya sake dannawa. Mijin ya leƙo ya ce, "Don Allah ki yi haƙuri, jirgi ba zai jira mu ba."

Ta rungume cikin dodon, hannuwanta ba su kai ko rabi ba. Ta kara baki a ragar wuya ta ce, "Baba, zan kira ka da mun sauka. Ka riƙa cin abinci." Ya ce wani abu, soso ya shanye. Ta ɗauki hoto da waya, ta fita da gudu tana share fuska. Ba ta tuna da zif ba, kuma ba laifinta ba ne, ba ta taɓa sa rigar dodo ba.

Ya biyo ta har bakin ƙofa, jela na jan kwalaye. Ina kusa da shi, na ga ya ɗaga gajeren hannun nan ya nufi bayan wuyansa, zai nuna mata. Sai ya ga tana ƙoƙarin karɓar jaririya, direba na faɗa. Ya juya hannun ya shiga ɗaga mata. Ta leƙo ta taga tana ɗaga masa har motar ta sha kwana.

Mutanen titi suka taru, aka yi dariya, aka ɗauki hotuna, mai shayi ya ce a kai shi gidan talabijin. Da suka ga dodo ba ya motsi sai kowa ya kama gabansa. Ya koma ciki ya tsaya a tsakiyar rusasshen garinsa, don jela ba ta barin sa zama. Zafin da ake yi a ranar ko da singileti mutum neman iska yake, balle cikin soso da leda.

Na bi shi na ce, "Juya in buɗe ka, kafin ka sume mana a nan."

Na ɗaga ƙayoyin, na kama kan zif ɗin. Sai muryarsa ta fito ta raga, can ƙasa-ƙasa.

"Dakata, Mai Aski."

"In dakata me? Dahuwa kake so ka yi?"

"Ita ta ja shi," in ji shi. "In ka buɗe, shi ke nan ta tafi. Bar ni kaɗan."

Na saki zif ɗin, na mai da ƙayoyin yadda ta kwantar da su. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na je na rufe shagona da sauran rana, na ciro fankata na saita ta daidai ragar wuyansa, na jawo kujera na zauna a bayansa, inda hannuna zai kai in ya ce in buɗe. Ina jin yadda yake jan numfashi a ciki, na san kuka yake yi.