Yatsan Sista Shiru

Teburin farko bayan ƙofar asibitin unguwa nata ne, kuma kowa Sista Shiru yake ce mata, har likita. Ta sami sunan ne don ba ta auna numfashin yaro yana kuka. Sai uwa ta rungume shi, ta ɗage masa riga, a jira ya lafa. Sannan ta ɗauko wayar asibiti, ta kafa wa ƙirjin ido, duk ɗagawar da ya yi ta dangwala fuskar wayar da babban yatsa. Wayar ce ke lissafi. In kore ya fito, a karɓi magani a tafi gida. In ja ne, sai babban asibiti, inda ake ƙara wa yaro iska.

Da agogon hannu ta fara aikin, tun ba furfura ko ɗaya a kanta. Da aka kawo wayar ta sha yin mita, yanzu kuwa ko cajar ba ta yarda a taɓa. Baƙin iyaye kan yi gunaguni, wai yaro na fama ita tana latse-latse. Ita kuwa faɗanta na uwar da ta zauna da yaro a gida ne har tari ya ci ƙarfinsa.

Ran nan da hantsi ta ɗago kai, sai ga 'yarta a kan benci, jikarta kwance a kafaɗa.

"Mama, ɗan tari ne, na ce bari dai ki duba."

Ƙirjin yarinyar na harbawa kamar na ɗan tsako. Sista ta ɗauko wayar. Wannan ce fa mai kwance mata ɗankwali tana ƙyalƙyala dariya. Ta fara dangwalawa. Kore ya fito.

"Alhamdu lillahi!" in ji 'yar, har ta fara laluben jaka.

Sista ta kasa murna. Ita ta san abin da yatsanta ya yi: ya yi nawa, ya bar wasu numfashin sun wuce, don zuciyarta ba ta son ganin ja. Waya ba ta ganin yaro, abin da aka danna mata take ƙirgawa. Tsoro ya rufe ta, na ciwon da na hannunta.

"Zauna."

"Ba kore ba ne, Mama?"

"Na ce ki zauna."

Ta ƙwala wa mai allura kira daga ɗakin gefe, ta miƙa mata wayar.

"Ungo, auna min ita. Ke ba jikarki ba ce."

Ta koma gefe ta riƙe ƙafar yarinyar, zafi rau. Ba ta kalli fuskar wayar ba, yatsan mai allura take kallo, yana sauka yana tashi ba hutawa. Tun wayar ba ta nuna komai ba Sista ta zare takalmin aiki ta zura na fita.

"Je ki tsayar mana da mota, babban asibiti za mu," ta ce wa 'yarta. "Ba ni ita, ni zan riƙe ta."