Sunan Mai Gadin Fim

Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ni kuma ina faɗa ina share hawaye, don maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban saba ba.

A zamanin kaset ɗin bidiyo, Yarabawa masu shirya fim kan zo Agege su ɗauke shi. Kullum aikinsa ɗaya ne: mai gadi. A ba shi gora da tocila, ya zauna bakin get yana gyangyaɗi, ɓarayi su wuce ta gabansa, sannan ya farka yana ihun "Oga! Oga!" da gurɓataccen Yarabanci. Alhali a nan aka haife shi, ya fi wasunsu iya yaren. Nakan ce masa, "Kai da ko a gida barcin ne aikinka, me suke biyanka a kai?" Sai ya ce, "Ƙwarewa."

Bayan rasuwarsa wata ɗaliba ta zo daga jami'a, tana tattara tarihin 'yan wasan farko. Ta karanta mini abin da aka rubuta a kansa a waya. Hoton nasa ne, amma sunan da shekarun na ɗan baffansa ne. Na san inda aka samo su. Da zai nemi aiki a wata masana'anta a Ilupeju, takardar makarantar ɗan baffan ya ara, sunan ya manne masa har cikin fim, har 'ya'yanmu suka shiga makaranta da shi.

Ta ce, "Mama, yaushe aka haife shi?"

Na ce, "Wacce haihuwar? Da ya zo neman aurena ya ƙara wa kansa shekaru don babana ya ga ya isa. Da masu fim suka koma son samari, ya rage. Da ya ji ana raba wa tsofaffi shinkafa a masallaci, ya maido su har da ƙari. Uwarsa dai ta ce da azumi ta haife shi, ana ruwa."

Ta yi dariya, ta rubuta haka nan. Sannan ta ce, "To sunansa na yanka fa?"

Nan fa matsalar take. Ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Unguwa kuma da laƙabin fim suka san shi. Ni gwaggonsa ce ta raɗa mini a kunne ranar da aka kai ni, ta ce, "Ga sunan da bakinki ba zai taɓa ba." Na kuwa riƙe. Duk zamanmu "Maigida" ne, in na yi fushi "kai wannan." Ko mai kayan miya in takwaransa ne, sai dai in tafa masa hannu.

Na ce, "Sunan tsohon limaminmu ne."

Ta ce, "Mama, limamin yana ina?"

Na ce, "Ya riga shi rasuwa."

Muka lissafa waɗanda suka sani, duk suna ƙasa. Ta ce a hankali, in ba wanda ya tabbatar, dole a bar rubutun yadda yake. Na tuna jikokina suna yi wa kakansu addu'a da sunan wani, ɗan baffan nan da ko gaisuwar kirki ba ya yi mana.

Na ce ta matso da wayar ta ɗauki muryata. Na ja mayafi na rufe fuska kamar amarya, na faɗa. Jikata ta kwashe da dariya, wai Kaka ta yi rashin kunya da tsufanta.

Ɗalibar ta duba wayar ta ce, "Mama, yi haƙuri, wata motar haya, danfo, ta yi hon, wayar ba ta ɗauka ba. Sake faɗa."

Na sake, wannan karon da ƙarfi, sai kuka ya kece mini. Ashe sunan da daɗi a baki. Ta tafi da shi ta gyara. Ni kuwa tun ranar, in ba kowa a ɗaki, nakan kira shi.