Desley Hartnett da Karen da Ba Ta Gama Horarwa Ba

Rai baƙo ne, kuma baƙon nan ya yi mana sallama. Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Desley Hartnett a wani asibiti a Charleville, bayan ta yi mako biyar tana fama da ciwon huhu. Shekarunta saba'in da huɗu. Duk makiyayan yankin Quilpie Anti Des suke ce mata, har tsofaffin da suka girme ta. An binne ta ranar Talata.

Ni ce Lyndall, maƙwabciyarta ta gabas, kilomita talatin ne tsakanin ƙofarta da tawa. An ce in rubuta wani abu a jaridar gunduma, saboda kowa ya san ita ta riƙe ni tun da mijina ya rasu ya bar ni da tumaki dubu biyu. To ga shi ina rubutawa, amma ba a gida ba. Yau Juma'a ina zaune a barandar likitar dabbobi, karena Scobie kuma yana ciki a kwance, an sa shi barci ana ƙara masa ruwa. Ɗazu da safe ya haɗiyi naman guba. Likita ta ce in ya kai faɗuwar rana akwai fata. Anti Des, da ke zan yi magana, don ba ni da wanda zan kai wa wannan kuka sai ke.

Kin tuna ranar da Biddy ta mutu, shekara biyu da suka wuce? Ita kaɗai ce karyar kiwon da mijina ya bar mini. Lokacin an watsa naman guba saboda karnukan daji da ke yi mana ɓarna a cikin 'ya'yan tumaki. Na sa mata takunkumi yadda kowa ke yi, reshen itacen mulga ya fizge shi a tsakiyar aiki, kafin in juyo da babur ta gama haɗiyewa. Ba zan faɗi irin mutuwar da ta yi ba, duk wanda ya taɓa gani ba ya son a tuna masa. Na kira ki ina kuka ba ki gane ko kalma ɗaya ba, amma kika taho. Ke kika haƙa ramin, kina da shekara saba'in da biyu, ni kuwa ina zaune a ƙasa kamar buhu. Bayan mako guda kika dawo da ɗan kwikwiyo a cikin hularki, ɗan karyarki, jinin karnukan kiwo na kelpie, wato Scobie. Kika dire mini shi a cinya kika ce, "Ungo, 'yar nan. Kuka ba ya kora tumaki. In ya cika kare, ni zan koya masa ƙin naman ƙasa da hannuna."

Aikinki ke nan da duk yankin nan ya san ki da shi. Kina da akwatin ƙarfe a bayan a-kori-kurarki, a ciki akwai abin wuyan karnuka na lantarki guda huɗu da rimot ɗinsu. Ba ki taɓa ɗaura wa kare ɗaya ba sai kin fara manna 'yan ƙarafansa biyu a wuyan hannunki kin danna, kin ji abin da shi zai ji. Kullum da yamma kina goge ƙarafan, kina shanya su in kare ya shiga dam, kina sa batir a caji, kina bin wuyan karen da yatsa kina neman inda ya yi ja. Yatsa biyu su shiga tsakanin maɗauri da fata, ba uku ba, ba ɗaya ba. Yau a wannan gefen wuya, gobe a wancan. Abin da kika fi nanatawa kuwa shi ne kada kare ya kwana da shi, don ƙarafan suna cin fata in sun daɗe wuri ɗaya. Na ji wannan daga bakinki ya fi sau ɗari.

Ba ki yarda a mayar da shi bulala ba. Ƙaninki Athol, wanda ke kiwon shanu a arewa da ke, ya taɓa aron ɗaya ya murɗa ƙarfinsa har ƙarshe don karensa ya ƙi jin kira. Da labari ya iso ki, a gaban mutane a wajen sausayar tumaki kika ɗaura masa abin a damtse. Kika ce, "Tsaya mana, jarumi, ai ba zafi." Athol ya yi tsalle har hularsa ta faɗa cikin ulu. Ya ce, "Des, kashe ni za ki yi?" Kika ce, "Rabin abin da ka ba kare ne wannan, ragon banza." Tun daga ranar bai sake murɗawa ba, kuma har yau in an tuna masa sai ya shafa damtsen.

Hanyarki ba ta da wuya, haƙuri kawai take ci. Mako uku cur kare yana yawo da abin wuyan a kashe, a ɗaura da safe a cire da yamma, har ya manta da shi kamar gashin jikinsa. Sai bayan nan ki yar da nama mai kyau a fili, ki laɓe bayan tankin ruwa, kada ya gan ki, kada ya ji muryarki. Yana kai hanci ki danna, a mafi ƙanƙantar ƙarfi. Kika ce mini, "Naman ne zai cije shi, Lyndall. Ba ke ba, ba abin wuya ba. In ya gane daga ina cizon yake zuwa, kin ɓata kare."

A ƙarshen Agusta muka fara da Scobie. Kwana goma kacal muka yi tari ya kayar da ke, aka tafi da ke Charleville. Kika bar mini abin wuya ɗaya da rimot, kika ce in ci gaba da ɗaura masa a kashe, kada in danna komai sai kin dawo. Sai ga takarda daga ƙungiyar makiyaya, jirgi zai watsa guba ranar sha huɗu ga Oktoba. Na lissafa kwanaki na ga ba za ki dawo a kan lokaci ba, na ce bari in yi da kaina, me zai gagara? Ga zafi ya fara, ina ganin yana haki da maɗauri a wuya sai tausayi ya kama ni. Na daina ɗaura masa duk yini, sai lokacin darasi kawai. Laɓewa bayan tanki ma na ga ɓata lokaci ne, na tsaya a gabansa da rimot a hannu ina daka masa tsawa. Cikin kwana huɗu ya daina kallon nama, har ina yaba kaina. Rana ta biyar na cire abin wuyan na jefa masa tsoka don in gwada, ko ƙasa ba ta taɓa ba ya cafe.

Na je asibiti na gaya miki. Kina kwance da robar iska a hanci, amma bakin nan naki yana nan daram. Kika ce, "Ke dai tun kina goye ba ki da haƙuri. Kin koya masa tsoron maɗauri, ba tsoron nama ba. Kare ya fi ki wayo, kin ji kunya." Na ce, "Anti Des, yaya zan yi?" Kika ce, "Ki ɗaure shi da sarƙa. In na fito mu fara daga farko, mako uku, ba ragi. Yanzu miƙo mini shayin nan kafin ya huce." Kika sha, kika tambaye ni ko dam ɗina na kudu da sauran ruwa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Jirgi ya wuce ranar Litinin, ina jin ƙararsa daga kicin. Ranar Talata da sassafe, kafin in shirya zuwa jana'izarki, shaiɗan ya sake raya mini in yi masa darasi ɗaya, ko Allah zai sa. Bai amfana komai ba. Na makara, na maƙala sarƙa a tsohon maɗaurinsa na fata, na shiga mota da baƙaƙen kaya. Na manta ban cire na lantarkin ba. Ina tsaye a bakin kabarinki ana waƙar coci abin ya faɗo mini, na ce ba komai, da na koma zan cire. Da na koma sai na tarar da sarƙa a ƙasa da maɗaurin fata a jikinta. Ya zare kansa ya tafi, ya shiga dajin da aka cika da guba jiya-jiya.

Na kira Athol, mutumin da ya binne yayarsa da rana. Ya ce, "Ga ni nan." Abin wuyan yana da wata 'yar ƙara da Scobie ya sani, in ya ji ta yakan dawo, amma sai in rimot yana kusa da shi da kamar kilomita ɗaya. Batirin kuma kwana biyu yake yi. Muka bi shinge bayan shinge, Athol yana tuƙi, ni ina tsaye a bayan mota na ɗaga rimot sama ina dannawa ina kira har muryata ta dishe. Duk inda na hango hankaki sun taru sai in ce mu je mu duba. Laraba ta wuce. Alhamis da yamma Athol ya ce, "Lyndall, batirin nan ya mutu, sauke hannunki haka." Na ce ba zan sauke ba. Ya ce, "To danna, Des ma da taurin kai ta mutu." Sai na ga dattijon yana share ido da bayan hannu.

Yau da hantsi muka same shi, a kan iyakar gonata da taki, kusa da kwamin shan ruwan tumaki. Yana kwance a inuwa, cikinsa ya manne da bayansa. Taku goma daga inda yake ga tsokar guba a kan jar ƙasa, sawunsa ya zagaye ta ya sake zagayewa har ya yi hanya, amma bai taɓa ta ba. Kwana uku da yunwa, Anti Des, bai taɓa ba, saboda abin yana wuyansa. Fitilar batirin ta mutu tuntuni, shi bai sani ba. Na durƙusa na rungume shi ina kuka ina dariya, sai hannuna ya ji danshi. Ƙarafan sun ci wuyansa, ramuka biyu suna ruwa, ƙudaje suna bi. Wayyo Allah! Ban yi tunani ba, wallahi ban yi tunanin komai ba. Yatsuna ne kawai suka tafi suka kwance maɗaurin.

Na ji Athol ya ƙwala ihu, "Ke! Kar ki cire a nan!" Ina, Scobie ya riga ya zame daga hannuna. Athol ya faɗa kansa da dukan jikinsa, ya cusa hannu cikin bakinsa, ya sha cizo har ƙashi, ya zaro fiye da rabin tsokar. Saura ta wuce. Muka ɗura masa maganin amai, wanda ke kika bi motocinmu ɗaya bayan ɗaya kika ajiye mana. Ya amayar da wani abu. Kilomita casa'in muka yi zuwa gari, kansa a cinyata, Athol yana tuƙi da hannu ɗaya jini yana bin sitiyari. Da na sani ƙeya ce. Sau biyu tausayina yana kai shi ga halaka, kuma duka biyun kin riga kin hana ni.

Na dakata da rubutu a nan, don likita ta leƙo ta kira ni.

Scobie ya mutu ƙarfe huɗu da kwata. Likita ta yi iyakar ƙoƙarinta, kuma bai farka ba, bai sha wahalar da Biddy ta sha ba. Athol yana zaune kusa da ni da hannu a naɗe, ya ce in yaga takardun nan, ba irin abin da ake sawa a jarida ba ne ranar makoki. Ba zan yaga ba. Shekara ashirin da uku kina wannan aiki, kuma a iya sanina babu kare ɗaya da kika gama horarwa da ya mutu da naman guba. Gobe a wajen sayar da tumaki wani zai ce karen Anti Des ya ci guba, ashe dabarar tata ma ba ta da tabbas, wani kuma ya ji ya fasa horar da nasa. Don haka nake faɗa da bakina kowa ya ji. Desley Hartnett ba ta gama da Scobie ba. Kwana goma ta yi da shi, sauran duk aikina ne. Kada kowa ya ɗora mata shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Merrilyn da Graeme, da jikokinta, da Athol wanda na hana shi zaman makokin yayarsa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku yadda ta tsaya wa mutane. Ke kuma Anti Des, Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alherin kowace dabba da kika tsare daga mugunyar mutuwa. Amana kika ba ni a cikin hularki, ban iya riƙe ta ba. Ki yafe mini.