Malam Gwadabe da Kunya Bakwai na Yaya Asabe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Nuwamba 1956, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Gwadabe, mai rabon gado na Kiru. Ina tsaka da koyar da ajin yaƙi da jahilci a Bebeji labarin ya iske ni. Na sallami dattawan, na hau keke.

Malam, ba ɗalibinka ba ne ni, ba kuma danginka ba. Alherin da ka yi wa yayata Asabe ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta. Ba ta haihu ba, ita ce ta ukun matansa, gonar da ya bari kuwa gandu ce ta 'yan'uwa uku, biyu sun rasu, har da shi, ba a raba ba. Magada suka ce rabonta bai kai a auna ba, a ba ta turmin zane da damin dawa ta koma gidanmu. Ba mugunta ba ce, haka aka saba yi. Ni ma, da bokona da komai, na ce ta karɓa. Har yau ina jin kunyar wannan.

Kai ne ka ce a'a. Ka zauna a zaure kana zane a ƙasa kana sharewa, har mutane suka fara hamma. Na yi zaton iyayi ne kawai. Can ka ɗaga kai ka ce a ɗauki gonar a matsayin kashi dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Aka yi dariya, wani ya ce ko hatsin za a ƙirga ƙwaya-ƙwaya?

Ba ka yi fushi ba. Ka nuna mana cewa adadin nan yana da rabi, da sulusi, da rubu'i, haka har zuwa ushuri, duk ba saura, kuma babu wanda ya fi shi ƙanƙanta da ke da wannan hali. Ka ce mai mantuwa ya ninka kwanakin mako da talatin na wata da sha biyun shekara, zai same shi. Na gwada shi da sha ɗaya don in kama ka, ya ƙi rabuwa. Ka ce, “Malam Zailani, ai babu mai wannan rabon a gidan nan.”

Sumunin da matan uku suka raba daga sulusin mijinsu ya ba Yaya kashi talatin da biyar. Kwana biyu kana jan igiya a rana da tsufanka, har ka kafa mata duwatsu a kan kunya bakwai. A nan take noma gerota da kuɓewarta, ba ta taɓa zama a ɗakin kowa tana jiran a ɗebo mata ba.

Ranar sadakar ukunka ta zo da ƙwaryar gumba a ka. Na ce ta bari in kawo nawa a madadinta, tunda geron bana bai yi mata yawa ba. Ta ce, “Zailani, bar ni. Tunda nake ban taɓa yin sadaka da abin da yake nawa na kaina ba, sai da bawan Allahn nan ya auna mini.”

Allah ya jiƙanka, Malam, ya haskaka kabarinka, ya cika maka mizani. Ya ba mai ɗakinka Iya Saudatu da 'ya'yanka, Wada da Maijidda, da dukan mutanen Kiru haƙurin rashinka. Amin.