Yadda Mulki Ya Kusa Mai Da Mu Jazira

Bazara ce, irin wadda ruwan tulu ma ɗumi yake yi. Shekarar duk a layi ta ƙare mana: layin burodi, layin sukari, layin mota. A kowane layi kuma zancen ɗaya ne, wai za a raba mulki, kowane yanki ya samu gwamnansa da majalisarsa, a daina zuwa Khartoum neman izinin haƙa rijiya.

Maigidana, mai sayar da albasa a kasuwar Omdurman, ya ɗauki zancen da zafi. Kullum bayan la'asar yana ƙofar gidanmu a Umbadda suna musu da tela maƙwabcinmu. Tela na cewa ƙasa za ta yage, shi yana cewa sai mulki ya matso kusa da talaka. Da musun ya tsaya a ƙofa, da ban damu ba. Sai ya shigo min da shi ɗaki: mu tattara mu koma Jazira, inda muka tashi muna cirar auduga a gonakin mutane. Wai yanzu hukuma za ta san mu da fuska, har gona za a ba shi.

Ni kuwa lokacin na fara haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, babbar 'yata ta shiga makaranta, ga famfo ya iso layinmu. Komawa na nufin mu bar duk wannan. Amma mutumin nan ba a cin sa da musu. Na ce, "To Malam, Allah ya sa haka ne alheri."

Ana cikin haka yayarsa ta zo daga Jazira, za ta asibitin Soba a duba mata ido. Muna ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin gida, sai ta ambaci wanda aka kai majalisar yankinmu. Na ajiye tire. Na ce, "Yaya, don Allah riƙe min wannan labarin sai an ci abinci."

Maigidana yana da labari guda da yake ji da shi. Yana saurayi, mai gonar da yake wa aiki ya zage shi kan rabon dawa, shi kuwa ya sungume shi ya tsoma a tur'a, magudanar ban ruwa, bai sake kwana a garin ba.

Bayan magariba na dafa shayi, na sa sukari fiye da kullum, na aika a kira tela ya shigo ya sha nasa. Na ce, "Malam, ni ban gane ba. In an raba mulkin nan, wa zai riƙa ba da gona?"

"Ɗan majalisa mana! Mutumin da ya san ka, ya san ubanka."

"Ikon Allah. Yaya, wa ye namu?"

Yaya ta kurɓi shayi. "Ai ya san shi sarai. Kai auta, tsohon ubangidanka ne, wanda ka yi wa wanka."

Tela ya ƙware.

"Kullum sai ya tambaye ka," in ji Yaya. "Ya ce har yau kunnensa na hagu bai daina ƙara ba. Da na ce kana shirin dawowa, wallahi murna ya yi."

Maigidana ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sauran sukarin narkewa. Can ya ce ai shi dama yana da gyara a tsarin nan: ba a ba ɗan gari mulki haka kai tsaye, gara a turo baƙo daga Khartoum wanda bai san kowa ba.

Tela ya ce, "Haba maƙwabci, wannan ai maganata ce. Ka bar ni da wa zan yi musu?"

Ni dai na kwashe kofuna, na ce su manya sun fi mu sani.

Washegari da safe na je wurin wata maƙwabciya na karɓo dashen lemun tsami, na haƙa masa rami a tsakar gida, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki.