Alwalar da Na Yi a Rafin Summerfield

Shekaru sun tura, amma wata azahar da na yi a bakin rafin Summerfield ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ina tuƙa motar wani ɗakin bincike a Greensboro, can Amurka, ina kuma ɗaukar kaya. Wadda nake rakawa daji wata ɗaliba ce 'yar Jos, Kirista, mai neman digiri na uku. Baba take ce mini, ni kuma in ce mata 'yata. Aikinta neman wani kifi ne da ake kira lamfiri, siriri kamar igiya, wanda 'ya'yansa kan yi shekaru binne cikin laka. Wani lokaci ta goya na'urar lantarki ta ɗan girgiza lakar, su fito, mu auna su mu mayar. Wani lokaci kuma ruwa kawai take ɗiba ta tace, a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai ɓurɓushin jikinsa a ciki.

Ran nan da safe mun yi aiki a wani rafi can arewa, inda aka san akwai su. Ni ke kama su ina ɗorawa a ma'auni. Safar hannuna ta yage, yauƙinsu ya shafe ni har bakin riga. Da rana muka iso rafi na biyu, bayan wata gonar dawaki, wanda ba a taɓa ganin kifin a ciki ba. Ta wanke takalmanmu da sinadarin bilic don kada mu kawo ɓurɓushin kifin safe, ta canja safa, ta shiga haɗa kayan tace ruwa. Ni kuwa na ga lokacin salla yana tafiya. Na haura sama kaɗan, bayan wata kwana, inda ruwan ya fi garau, don tun muna yara a Damagaram haka aka koya mana. Na yi alwala a natse, na yi sallata, na dawo na tarar tana cika kwalabe.

Bayan mako biyu ta tare ni a bakin mota, fuskarta kamar ranar suna.

"Baba, sakamako ya fito. Akwai shi a Summerfield! Babi guda ke nan na samu a kundin digirina."

Na taya ta murna da zuciya ɗaya. Sai da yamma, da na buɗe ɗan littafin da nake rubuta ayyukan yini da ajami, na ga layin ranar: alwala a sama, ɗibar ruwa a ƙasa. Nan na tuna yauƙin kifin safe da na wanke a cikin ruwan.

Kwana tara na yi ba natsuwa. Ina salla in rasa raka'a ta nawa nake. Sau biyu ina wuce kwanar gidanmu. Zuciya ta ce mini, wataƙila kifin yana nan da gaske, me zai sa ka ɓata wa yarinya farin ciki? Ita kuwa kullum tana ƙara shafi.

Rana ta goma, muna cikin mota, na ce, "'Yata, ranar nan kin san inda na yi alwala?"

"Ba da ruwan gora ba?"

"A rafi. Sama da ke."

Ta juyo ta dubi hannuwana a kan sitiyari.

"Da hannun nan na safe?"

"Da shi."

Ta yi wata 'yar dariya, idonta cike da ƙwalla. "Baba, na wanke takalmi, na wanke bokiti, har igiya na wanke. Ban san sai na haɗa da liman ba."

Sau uku muna komawa rafin, da na'ura da kwalabe. Ko ɗaya ba mu samu ba. Ta cire babin da hannunta, kammala karatunta ya ƙara wata huɗu. Na bi ta gaban malaminta na faɗi abin da na yi, ta katse ni, ta ce ita ce ba ta taɓa yi mini bayani ba.

Da muka sake fita aiki, na ga farar jarka a bayan mota, irin wadda mu muke ce wa bido. Ta rubuta a jikinta: Ruwan Baba.

Tun ranar na gane abin da mutum ya wanke daga hannunsa ba ɓacewa yake yi ba. Gangarawa yake, akwai kuma mai ɗiba a ƙasa.