Ranar da Hamma ya yi wa laftof ɗin tsoho fomat

Yayana, wanda duk gida muke kira Hamma, magani ɗaya ya sani na kowace cutar kwamfuta: fomat. Ta yi nauyi, fomat. Sauti ya ɗauke, fomat. Ina jin ko ƙura ce ta hau gilashin, sai ya goge duk abin da ke cikinta kafin ya nemi tsumma. A shagonsa na Pantami nake aiki a shekarun da mutanen Borno suka yi ta kwararowa Gombe, kuma ni ake tura wa duk na'urar da ta ƙi jin wannan magani.

Wata safiya wani tsoho ya shigo da laftof naɗe a cikin sallaya. Daga Borno ya zo, a unguwar Bagadaza ya sauka, gidan wani ɗan'uwansa. Laftof ɗin ta ɗansa ce, ɗalibin jami'a, wanda ya fita ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu kuma bai dawo ba. Ɗan ne ya sa mata Linux da hannunsa, manhajar tafiyar da kwamfuta wadda ba kowa ya saba da ita ba, ya kuma shirya wa uban fuskar allon saboda idonsa ya yi rauni: manyan haruffa, hoton iyali a baya, da wata babbar alama guda a kusurwa. Idan tsohon ya danna ta, sai ya ji muryar ɗan yana karatun Alƙur'ani.

"Abin da nake yi da ita ke nan, ɗana," in ji shi. "Yanzu ta ƙi buɗewa."

Na kunna. Sai ka sa fasuwod, allon ya yi baƙi, ya dawo da kai inda ka fara. Na danna maɓallan da ke kai mutum baƙin allo na rubutu zalla, na shiga ta can. Komai na nan lafiya. Rumbun ajiyarta ne ya cika maƙil da bayanan kurakurai da na'urar ke rubuta wa kanta, har fuskar allon ta rasa wurin tashi. Aikin minti biyar ne. Amma na ji rumbun yana wata ƙara da ban yarda da ita ba, sai na ce gara in kwafe komai tukuna.

"Baba, muryar tana nan. Je ka huta, ka dawo bayan la'asar."

Babban filas ɗinmu, ma'ajiyar da zan kwafe kayan a ciki, yana hannun wani abokina a Nasarawo. Kafin in fita na ce wa Hamma, da Hausa, a fili, "Hamma, don Allah kar a taɓa wannan." Ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce to.

Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta cinye min kusan awa uku. An tare hanya ana bincike, aka sauke mu daga keke, muka ɗaga riguna, muka jera a rana. Ban damu ba. Har murna nake a raina, ina hango fuskar tsohon.

Na dawo na tarar da laftof ɗin a buɗe, allon shuɗi fes, Hamma yana murmushi kamar wanda ya karɓi haihuwa.

"Na rage maka aiki. Na leƙa na ga baƙin allo da rubuce-rubuce, ai ta riga ta mutu. Na yi mata fomat, na sa mata manhajar da kowa ya sani."

Ban taɓa ɗaga wa Hamma murya ba sai ranar. Na ce wa ya sa ka? Na ce baƙin allon nan ni na buɗe shi, ciki nake aiki! Ya ce ai taimako ya yi, kuma a irin wannan lokaci wa zai bi ta shingen bincike da na'ura mai irin wannan rubutu, a ce ya kunna? Wannan ne ya fi ƙona min rai, don ban ga alamar ya san ya yi ɓarna ba. Shekara da shekaru yana goge kayan mutane, suna yi masa godiya saboda na'ura ta yi sauri. Bai taɓa tambayar kowa me ke ciki ba. Ni ma na ji haushin kaina. Da na yi aikin minti biyar ɗin nan take, da tsoho ya tafi da abinsa tun hantsi.

Na roƙi tsohon kwana biyu, ban gaya masa dalili ba. Na cire rumbun, na bi shi da manhajar tono abin da aka goge. Hotuna sun fito da dama, har da na iyalin. Fayilolin sauti kuwa sabuwar manhajar ta hau kansu. Guda ɗaya na samu, daƙiƙa huɗu, shi ma shuru ne da tsaki.

Na mayar da Linux. Na girmama haruffa, na sa hoton a baya, na ajiye babbar alama a kusurwar dama, don ban taɓa ganin yadda ɗan ya tsara ba, labari kawai aka ba ni.

Tsohon ya zo ya zauna a benci. Ya daɗe yana kallon hoton. Ya yi wa Hamma addu'a, ya yi min, Hamma kuma ya amsa da amin ba kunya. Sannan ya kai yatsa kusurwar hagu, inda babu komai, ya tsaya.

"A nan yake ajiye ta. Ba laifi, ɗana. Yanzu ina zan danna in ji shi?"

Na waiwaya wajen Hamma don ya amsa. Ya riga ya fita alwala.